Shi Mace Ne

Sallama gare ku, 'yan gulmata na cikin waya. Na ga saƙonninku kaf, har da ke baiwar Allah da kika ce in ban faɗa miki yadda aka kwashe a kotu ba za ki biyo ni Kumasi da ƙafarki. Zauna abinki, ga ni na zo. Sai dai ku bar ni in ɗan koma baya saboda baƙi, don na lura an ƙaru.

Sunana Barkisu, 'yar Alhaji Sabiru mai atamfa, a unguwar Akwatialine cikin Zangon Kumasi. A nan aka binne cibiyata, a nan aka binne ta Baba, amma ka tambaye shi ɗan ina ne, ba zai ko ƙifta ido ba zai ce maka Bakano. Kakansa ne fa ya taho fataucin goro bai koma ba. A gidanmu ana yafe maka in ka fasa kofi, amma ba a yafe maka in ka ce wa mace "ya zo". Nan take Baba zai ajiye cokali ya ce, "Ta zo. Ba a yi mini Hausar kasuwa a gida." Alhali da ka taka ƙofar gida, rabin Zango haka suke magana. Ƙabilun Moshi, Dagomba, Gurunshi, kowa "shi" ne a bakinsu, mace da namiji, kuma suna fahimtar juna sarai.

Wanda nake so kuwa Khalidu ne, ɗan Alhaji Sulemana dillalin shanu na Moshi Zango. Ba zan tsaya yaba muku shi ba, kun san halina, in na fara sai a kira la'asar. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, irin mutanen nan da ko sunansu ka tambaya sai sun yi tunani. A kemis ɗin da nake aiki muka haɗu, ya zo sayen maganin mura, murar da ta ƙi warkewa har azumi ya zo ya wuce. Baba bai ƙi shi kai tsaye ba. Ya dai ce a jira, a bincika, ai su Moshi ne, kuma shanu ba sana'ar gidanmu ba ce. Umma ce ta yi ta lallaɓa shi da kissa irin ta manya har ya fara saukowa. Ana cikin haka bijimi ya shiga tsakani.

Dab da Babbar Sallah ne. Akwai shinge a bayan gidan su Khalidu inda suke ajiye shanun layya. Da tsakar rana, maza duk sun tafi sauke wasu shanun daga mota an bar shi shi kaɗai, sai wani jan bijimi ya tarar da ƙofa ba sakata. Ya fito ya bi layi a guje, ya yi ciki da wata Maame Serwaa mai gasa ayaba a bakin titi. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye har ta kwanta asibiti. 'Yan sanda suka tafi da Khalidu, aka yi belinsa, daga baya aka kai shi kotu da tuhumar ya jawo wa mutum rauni ta hanyar sakaci.

Baba ya kira ni ya yanke magana ɗaya. "Ba na ba da 'yata ga mai tambarin kotu a goshi. In alƙali ya wanke shi, su kawo goro. In ya kama shi, kada in sake jin sunansa."

To kun ji inda aurena ya rataya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Khalidun kansa. Na tambaye shi a waya, na tambaye shi ido da ido, kai ka bar ƙofar nan? Amsarsa ɗaya ce kullum: "Barkisu, shingen a hannuna yake ranar." Ku duba mini don Allah, wannan amsa ce?

An sha ɗage shari'ar, har Maame Serwaa ta zo da sandarta ta ba da nata bayanin a wani zaman. Ita dai bijimi ta gani, ba ta ga mai buɗe ƙofa ba. Ranar da za a ji shaida ta ƙarshe na roƙi Baba ya bar ni in je. Na zaci zai hana, sai ya ce, "Je ki ji da kunnenki, kada gobe ki ce ni na ƙulla masa."

Da safe na zazzage akwati a kan gado. Me mutum yake sawa zuwa kotu? Na ɗauko leshi, na ga kamar biki zan je. Na ɗauko baƙar abaya, na ga kamar na riga na yi masa ta'aziyya. A ƙarshe na sa doguwar riga ta shuɗiyar atamfa, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli kaɗan, don ko hukunci za a yanke masa ya waiwayo ya ga abin da zai rasa. Na leƙa ɗakin Umma na ce ko za ta raka ni.

"Ni? Me zan je yi a kotu?" Ba ta ko ɗago daga kan sallaya ba. "Ki tafi da Hikima. Allah ya fid da mai gaskiya."

Hikima 'yar ƙanwar Baba ce, sakatariya a ofishin wani lauya a Adum. Ba ta karanta shari'a ba, amma ta buga takardun lauyoyi har bakinta ya koma irin nasu. A cikin trotro, motar hayarmu ta nan, ta fara yi mini huɗuba: in kashe waya, in miƙe idan alƙaliya ta shigo, kada in yi salati da ƙarfi komai na ji.

Jama'a, ni da nake zaton kotu wani tangamemen ɗaki ne mai jan kafet kamar a fim. Ashe bencina ne irin na makaranta, da fanka mai kuka, da mutane cunkus kowa rungume da damuwarsa. Alƙaliyar mace ce gajera mai tabarau, tana rubutu da hannunta ba ta ko ɗagowa. Kafin a zo kanmu an kira wasu 'yan uwa biyu da ke rigima kan iyakar fili, aka ɗage. Aka kira mai gida da ɗan haya, ta ce su je su gwada sulhu su dawo. Aka kira wani da ake tuhuma da satar waya, ya ce bai yi ba, aka sa masa rana. Na rasa yadda kai ɗaya yake ɗaukar wannan duka, fili, haya, sata, ga kuma bijimi yana tafe.

Sai magatakarda ya ɗaga murya: Jamhuriya da Khalidu Sulemana.

Na damƙi hannun Hikima. "Jamhuriya kuma? Ghana gaba ɗaya ce ta kai shi ƙara?"

"Yi ƙasa da murya. Haka ake cewa in shari'ar laifi ce. Ƙasa ce take tuhuma, shi ya sa kika ga ɗan sanda ne zai gabatar."

"To Maame Serwaa fa? Ba ita aka karya ba?"

"A nan shaida ce kawai. Tata ƙarar daban take, ta neman diyya, tana nan tafe. Bijimi ɗaya, shari'a biyu."

Ban gama haɗiye wannan ba na ga Khalidu ya shiga akwatin katako ya tsaya, cikin farar jallabiya, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kamar in je in tsaya kusa da shi. A gabansa lauyansu ne, Lauya Brimah, mai furfura a gemu, yana ta juya biro kamar wanda ba abin da ya dame shi.

Shaidar da ake jira Mma Fatu ce, tsohuwar Bamoshiya mai koko da ƙosai a daidai ƙofar shingen. Ta shigo da ɗaurin zani biyu da carbi a wuya, ta gaida alƙaliya, ta gaida ɗan sanda, ta gaida magatakarda, har da mu na benci ta ɗaga mana hannu. Aka miƙo mata Alƙur'ani ta rantse, ta ja da baya.

"Ni ba shi da alwala. Ba na taba."

Aka bar ta ta yi alkawari da baki cewa gaskiya za ta faɗa. Tafinta ya matso, wani matashi mai ƙwalisa, Hausarsa tsaf irin wadda Baba zai ji ya ba shi kujera. Ɗan sanda yana tambaya da Turanci, shi yana juyawa.

"Mma, ranar da bijimi ya fita, kina ina?"

"Ina wurin koko na. Ina zan je?"

"Me kika gani?"

"Na gani shi ya fito daga wurin shanu, sauri sauri. Ya ja kofa, bai sa sakata ba, ya wuce. Ni na kira shi, bai ji ba. Kadan haka, sa ya fito. Wayyo, Maame!"

Tafinta ya juya wa kotu da Turanci, kuma kun san Turanci ba ya barin mutum a tsakiya, dole ya zama namiji ko mace. Ya ba su namiji. Alƙaliya ta rubuta. Namiji ɗaya ne kuwa a shingen ranar, kowa ya sani. Na ce shi ke nan Barkisu, goron ya tafi.

Ɗan sanda ya gyara tsayuwa, ya ɗan yi murmushi irin na wanda ya ga tashar sauka. "Wanda kika gani, yana cikin ɗakin nan? Nuna wa kotu shi."

Mma Fatu ta juya a hankali. Ta dubi benci, ta dubi lauyoyi, har ni ta duba. Ta girgiza kai.

"Ba shi nan."

"Mma, duba da kyau. Dubi wancan na cikin akwati."

"Wannan? Wannan Halidu ne, yaro na ne, kullum yana sha koko na. Shi yana ciki yana ba shanu ruwa. Ba shi ba."

"Amma a ofishinmu kin ce shi ne ya bar ƙofa!"

"E, na ce shi. Ban ce Halidu ba." Ta dubi ɗan sandan kamar yaron da ya kasa karatun allo. "Shi mace ne."

Duk wani ɗan Zango da ke benci ya tuntsire da dariya. Ni kaina salatin da Hikima ta hana ni sai da ya kuɓuce. Magatakarda yana ta tsawa a yi shiru. Tafinta ya tsaya baki buɗe, don ya rasa yadda zai zuba wannan a Turanci. Alƙaliya ta cire tabarau ta ce a yi mata bayani, me shaida ta ce da ya ba mutane dariya? Bawan Allah ya share gumi ya ce, ranki ya daɗe, a Hausar littafi "shi" namiji ne, amma a bakin wasu mutanen Zango yana iya zama kowa, kuma shaida ta ce wanda ta gani mace ce.

Ɗan sanda ya yi ta maza. Ya ce tsohuwa ta sauya magana ne don ta ceci mai sayen kokonta. Ina jin haka na ce a raina, ai kuwa ba ƙarya ya yi ba, in ni ce alƙaliya ta yaya zan gane? Wa ya san abin da ke zuciyar tsohuwa?

Da aka ba Lauya Brimah dama ya tashi, bai yi dogon Turanci ba. Ya gaida Mma Fatu, ya tambaye ta kasuwa, sannan ya ce, "Mma, 'ya'yanki nawa mata?"

"Daya. Laila. Ya yi aure, yana Tamale da miji shi."

Ya nuna can sama. "Wannan da ke zaune tana rubutu fa, kin san aikinta?"

"Shi ne alkali. Yana da hankuri, tun safe yana rubutu bai sha ko ruwa ba."

Wannan karon har alƙaliya sai da ta sunkuyar da kai tana gyara takarda. Lauya ya roƙi tafinta ya faɗa wa kotu kalma bayan kalma abin da tsohuwa ta kira 'yarta da abin da ta kira mai shari'a. Ya faɗa. Sannan ya tambaye ta ko a ofishin 'yan sanda an taɓa tambayarta mace ta gani ko namiji.

"Ba wanda ya tambaya. Sun ce wa ya bari kofa, na ce shi wanda ya fito. Sun rubuta, sun ce in sa hannu, in tafi. Koko na yana huce."

"Kin gane matar?"

"Ya rufe fuska da mayafi. Ni baya shi na gani. Mayafi mai kyau dai."

Na zuba ido ina jira a ce to wace ce, a aika a kamo ta. Shiru. Ɗan sanda ya ce ba shi da sauran shaida. Lauya Brimah ya miƙe ya ce, tunda haka ne, babu ma abin da Khalidu zai tashi ya kare, a sallame shi. Alƙaliya ta shiga ciki, muka zauna muna jiran tsammani. Ban san sau nawa na karanta Ƙulhuwallahu ba.

Da ta dawo ta karanta hukunci da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Abin da na riƙe shi ne: wanda ya kawo tuhuma shi ne zai tabbatar da ita, ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya wanke kansa. Tuhumar da ke gabanta ta ce Khalidu ne da hannunsa ya bar ƙofa, kuma mutum ɗaya tak da ya ga abin ya ce ba shi ba ne. Don haka ta sallame shi, ta wanke shi daga wannan tuhuma.

A waje dillalan shanu suka rufe shi, ana ta barka, ana ɗaga hula. Ya hango ni ta saman kawunansu, ya yi wannan murmushin nasa na gefe ɗaya. Ba don idon mutane ba da na yi guɗa. Hikima ta ja ni inuwar wata bishiya ta sayo mana ruwan leda.

"Kada ki saki jiki tukuna," ta ce. "Ƙarar Maame tana nan."

"Ba an wanke shi ba?"

"Sikeli biyu ne, 'yar uwa. Na laifi sai ya cika dam, in da sauran kokwanto mai ma'ana ba a ɗaure mutum. Na diyya kuwa, ɓangaren da ya ɗan rinjaya shi ya ci. Kuma a can ba hannun da ya taɓa sakata kaɗai ake dubawa ba, ana duba mai bijimin da mai tsaronsa."

"To me ya sa alƙaliya ba ta nemi matar ba? Ni abin ya ɗaure mini kai."

"Ba ita aka kawo mata ba. Kotu ba ta fita farauta, abin da aka ajiye a gabanta take aunawa. Amma lauyan Maame yana ciki, na ga yana rubutu. Zai neme ta, in ya same ta ya haɗa ta cikin ƙara. 'Yan sanda ma in sun ga dama su waiwaye ta, tunda an kunyata su."

Na tsotsi ruwa, sai a lokacin abin ya sauko mini. Ku da kuke karatu na san kun riga ni. Mace. Mai mayafi mai kyau. Ta rufe fuska, ta fito sauri sauri daga wurin Khalidu, a ranar da ya san ba kowa a gida. Kuma ya yarda a kai shi kotu, ya yarda ya rasa ni, da dai ya faɗi sunanta. Murnar da ke ƙirjina ta koma garwashi. Kishi ba ya sallama in zai shigo, na yarda.

A trotro na kunna waya.

Na rubuta: Barka da arziki.

Ya amsa nan take: Barka dai Barkisu. Na gan ki a baya. Shuɗi ya karɓe ki.

Na rubuta: Wace ce?

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Har muka wuce kasuwar Kejetia.

Ki yi haƙuri, ya turo.

Ba haƙuri na tambaye ka ba. Suna na tambaya.

Akwai sunan da bakina ba zai iya kira ba. Wallahi ba abin da kike tunani ba ne.

Me nake tunani?

Ya kira, na kashe. Ya sake kira, na kife wayar a cinya. Hikima tana kallona ta gefen ido, da ta ga hawaye sai ta miƙo mini hankici.

Labari a Zango ya fi trotro gudu. Kafin in kai layinmu yara har sun mai da abin waƙa, mai shago yana ce wa mai burodi "shi mace ne" suna tafawa. Na tarar da Baba a tsakar gida bayan la'asar, a kujerarsa ta roba, rediyo a kashe, alamar jirana yake. Umma tana gefe a kan tabarma da faranti tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe su.

"Na ji," in ji Baba. "Yau Hausar kasuwa ta fid da mutum daga hannun hukuma. Allah mai iko." Ya ɗan yi dariya ta hanci, sannan fuskarsa ta koma yadda na san ta. "Zauna, Barkisu."

Na zauna.

"Na ce in kotu ta wanke shi su kawo goro. Ban manta ba, kuma ni ba na magana biyu. Amma kotu ta wanke masa hannu ne ta bar masa riga da datti. Sakaci kowa yana yi. Wannan kuwa fa? Mace ta shiga wurin saurayi da tsakar rana, ta fito tana ɓoye fuska. Ya gwammace gidan yari da ya ambace ta. Ke kin yi makaranta, faɗa mini, wane namiji ne yake yi wa matar da ba komai tsakaninsu haka?"

Da a ce jiya ne da na yi ta kare shi har muryata ta dushe. Yau tambayar da ke bakin Baba ita ce ke cin ƙirjina tun daga kotu. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan shuɗiyar atamfar da na ɓata safiya ina zaɓa.

"Kin gani," ya ce, muryarsa ta ɗan yi laushi. "Ba ƙin ki nake ba. Gobe zan aika wa Alhaji Sulemana a bar maganar, kowa ya riƙe mutuncinsa. Ita kuma yarinyar, ko 'yar gidan wace ce, Allah ya shirye ta. Gidan da mace za ta fita ta je wurin saurayi ba a sani ba, ai babu namiji a cikinsa."

Na ji an ajiye faranti a ƙasa.

"Alhaji."

Umma ba ta katse Baba. Tun da na yi wayo ban taɓa gani ba. Ta kakkaɓe hannunta a zani, ta gyara ɗankwali, ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba.

"Kada ka aika. Kuma ka janye maganar gidan nan da ka yi, don gidanka ne."

"Me kike cewa?"

"Ni ce. Ni na je." Muryarta a kwance take. "Ka ce a bincika, a bincika, wata ya zo ya wuce ba ka aiki kowa ba, yarinya tana ramewa a gabana. Na ce bari in je in gan shi da idona, in ji irin bakinsa, in san wa zan ba 'yata. Na tarar da shi a wurin shanu, ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya durƙusa har ƙasa. Muna cikin magana na ji muryoyi a layi. Na ce in aka gan ni fa? A ce matar Alhaji Sabiru ta bi surukin da ko goro bai kawo ba har shingen shanu? Na rufe fuska na fito. Na ja ƙofar, na ɗauka ta kama."

Kaza ta zo tana tsattsagar shinkafar, ba wanda ya kore ta.

"Da na ji abin da ya faru na aika masa zan fito in faɗa. Ya haɗa ni da Allah in yi shiru. Ya ce uwar Barkisu ba za ta tsaya a akwatin kotu ba yana raye. Ni kuma tsoronka ya fi ƙarfina, na yi shirun. Na bar ɗan mutane yana hawa kotu yana sauka, na bar baiwar Allah da karyayyar ƙafa ban ko je na ce mata sannu ba. Yau kuma a gabana za a ɓata masa suna a kan mutuncin da ya rufa mini? A'a. Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan Maame in faɗa mata da bakina. Abin da zai biyo baya ya biyo."

'Yan uwa, ban san mutum yana iya jin sanyi da zafi a lokaci ɗaya ba. Khalidu nawa ne, bai ci amanata ba, sunan surukarsa ne bakinsa ya kasa kira. Amma matar da lauya yake nema, wadda na yi ta tsine wa a zuci tun daga Kejetia, ga ta nan zaune a kan tabarma, ita ta goya ni.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya dubi Umma. Na jira tsawa, na jira ya tashi ya shige ɗaki. Sai ya juyo gare ni, mutumin da bai taɓa neman sanin komai daga bakin 'ya'yansa ba.

"Barkisu, ke kika je kotun nan, ke kika ji yadda suke yi. Faɗa mini gaskiya. In ta je ta faɗa, me za su yi wa uwarki?"